Ƙasar da Muka Bar Maka a Gareji

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Litinin, shida ga watan Oktoban 2025, da hantsi, Allah ya karɓi ran surukina, Malam Ilu Mai Amalanke, a asibiti a nan Gumel, bayan ya kwana guda bai san wanda ke kansa ba. An yi masa sutura kafin la'asar. Asalinsa mutumin Gagarawa ne, sana'a ta kawo shi Gumel tun yana saurayi, a nan ya yi gida, a nan ya tsufa. Ya bar matarsa da muke kira Inna, da 'ya'ya, da jikoki masu yawa. Ni matar babban ɗansa ce, malamar firamare. Tun da aka kawo ni gidan nan sunansa bai taɓa fita daga bakina ba, yanzu ma da na rubuta shi sai da hannuna ya yi nauyi. Daga nan zan koma kiran da na saba.

Baba, shekaru masu yawa muna gida ɗaya ban taɓa zama na yi hira da kai ba. In na zo gaishe ka daga nesa nake durƙusawa, idona a ƙasa, kai kuma ka amsa kana duban wani wurin. In kana da magana da ni, ko ina tsaye a gabanka, sai ka juya wajen Inna ka ce, "A gaya wa Malama kaza." Haka surukuta take a gidanmu, kuma ban taɓa jin ta dame ni ba. Yau ga ni zan yi maka doguwar magana, don na san ba za ka ɗago mu haɗa ido ba.

Abin da zan faɗa a kan daɓen gareji ne. Wanda ya ji zai ce me ya haɗa ta'aziyya da siminti. A gidanmu sun haɗu, kuma in na tsallake wannan na tsaya a yabo kawai, rabin gaskiya na faɗa. Amma bari in fara da abin da kowa ya sani.

Kowa ya san ka da shanunka biyu da amalankenka. Ka yi shekaru kana ɗaukar wa mutane riɗi da gero da soɓorodo daga gonaki zuwa kasuwa, ranar kasuwar Maigatari kuma ka kama hanya tun rana ba ta yi zafi ba. Ba a taɓa jin kanka da mai kaya ba. Abin da ban sani ba sai a zaman makoki shi ne yawan mutanen da ka kai asibiti a zamanin da babu babur a kowane lungu. Wata tsohuwa ta zo daga wani ƙauye a bayan Gagarawa, ta zauna kusa da Inna tana share hawaye da gefen mayafi. Ta ce a bakin hanya ka iske su tana naƙuda, ka sauke buhunan mutane a gindin wata aduwa, ka shimfiɗa rigarka a amalanken aka ɗora ta. Da mijinta ya ce kayan fa, sai ka ce riɗi ba ya naƙuda, zai jira. Ɗan da ta haifa ran nan shi ya kawo ta gaisuwar a kan babur, har ya fara furfura.

Ni kuwa abin da ka yi mini ba zai ƙirgu ba. Kai ka fara kirana Malama tun ban riƙe takardar komai ba, lokacin da wasu dangi suke ganin matar aure da goyo ba ta da abin nema a kwaleji. Ba ka yi musu da kowa ba. Ka dai ci gaba da cewa Malama, Malama, har masu maganar suka gaji suka bi sahu. Shekarar da mahaifina ya rasu a Sule Tankarkar ƙannena duk ƙanana ne, damina ta faɗi gonarmu tana zaune babu mai huɗa. Ban gaya wa kowa ba. Wata safiya aka wayi gari babu kai babu shanu, Inna ta ce ka tafi wani aiki. Sai da mahaifiyata ta aiko da godiya na san inda ka je. Da na zo na durƙusa zan yi tawa godiyar, ban kai ga buɗe baki ba ka ce wa Inna, "Shanun ne suka gaji da zama, na kai su su miƙe ƙafa." Ka tashi ka shige ɗaki.

Akwai kuma maganar tuwo, wadda har gobe ake yi mini dariya a kanta. Ina amarya na bar tuwo ya kama har ƙauri ya cika gida. Na zuba maka ina jin kamar ƙasa ta tsage in shige. Kwanon ya dawo a suɗe, tare da saƙon cewa haka mutanen Gagarawa suke son tuwonsu, da ɗan ƙauri-ƙauri. Ni kuwa na ɗauka da gaske. Na shiga ware maka naka ina barinsa a wuta da gangan, kai kuma kana cinyewa ba ka ce uffan ba, har kusan shekara, sai da Inna ta gaji ta ja ni gefe ta ce, "Ke 'yar nan, ki ji tsoron Allah ki daina ƙona wa mutumin nan abinci." Irin halinka ke nan, gara ka ci ƙonannen tuwo da ka bar wani ya ji kunya. Mu da muka zauna da kai tarbiyyar da muka ɗauka ke nan, kuma ita ta kai mu inda ta kai mu.

Bara bayan kaka aka mayar da ni wata makaranta a hanyar Sule Tankarkar, hawan babur kullum ya fara taɓa mini baya. Na haɗa abin da na tara na sayi 'yar ƙaramar mota ta hannu. Na yi kwanaki ina ajiye ta a ƙofar gidan maƙwabta, don ban ga idon da zan shigo gida ina tuƙi kana zaune ba. Kai ka warware. Ka ce wa Inna, "A gaya wa Malama, mota ba ta kwana a titi alhali ga mazaunin amalanke babu kowa." Wurin yana jikin ɗakinka, da babbar ƙofarsa ta waje. Ka daɗe da sayar da shanun, ka sa an zuba sabon yashi, a nan kake shimfiɗa buzunka ka wuni. Aka ɗaga bango, aka rufa kwano, aka sa ƙofar ƙarfe. Ka matsar da buzun gefe guda ka ci gaba da zamanka. A duk gidan, wurin nan ne kaɗai ƙasa ta rage a buɗe, domin tuni 'ya'yanka suka malale tsakar gida da siminti har bakin rijiya. Amalanke bai taɓa neman daɓe ba, ina jin ba ka kawo a ranka mota za ta nema ba.

A nan autanka Abdulmuhaimin ya shigo maganar. Kayan gini yake sayarwa a Maigatari, kuma shi kaɗai ne a gidan nan Allah bai ɗora wa nauyin baki ba. Yakan zauna kusa da kai ya sa hannu a kwanonka, ya gaya maka hularka ta tsufa a gaban baƙi. Ni kuwa matar wansa ce, don haka ba ni da hutu a wurinsa, daga ya shigo gida ya fara tsokana sai ya fita. Da ya ji an yi gareji ya ce daɓen nasa ne, kyauta, in zaɓi abin da nake so. A raina tayil nake so, irin mai ruwan toka da na gani a gidan wata abokiyar aikina, har na gaya masa. Ya ce in ba shi zuwa ƙarshen wata.

Kafin ƙarshen watan ne na ga abin da na gani. An tashe mu daga makaranta da wuri ran nan, motar kuma tana wurin makanike, sai na shigo da ƙafa ta ƙaramar ƙofar garejin daidai kiran azahar. Kana zaune a bakin buzu, buta cike a gefenka. Na ga ka kama hannunka na hagu da na dama ka ɗora shi a kan yashi, ka shafa fuska, ka shafa hannuwa. Taimama kake yi. Da ka gama sai ka karkata butar ruwan ya tsiyaye a ƙasa, yadda duk wanda ya wuce zai ga danshi ya ce Baba ya yi alwala. Sannan ka ɗago muka haɗa ido, abin da bai taɓa faruwa ba. Ban san yadda na koma da baya ba. Ina jikin ƙofar daga waje na ji ka gyara murya ka ce, ba da kowa ba, "Ciki dai ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba."

Na gane saƙon. Na kuma gane abubuwan da na daɗe ina gani ban haɗa su ba: yadda hannun hagu ya daina fitowa daga cikin babbar riga, yadda in abu ya faɗi maka sai ka bar shi a inda ya faɗi. Hannun ba ya riƙe buta, in ka sunkuya wanke ƙafa kuma jiri ke ɗibar ka, kai kuma ba za ka zauna wani ya zuba maka ruwa kamar jariri ba. Da ka fita waje, yashi ba ya ƙarewa a Gumel, amma waje idon unguwa ne. Da ka ajiye dutse a ɗaki mai shara za ta gani, kuma kowa ya san abin da dutse a ɗakin tsoho yake nufi. Na sha jin ka kana gaya wa jikoki cewa ba a taimama a kan siminti ko abin da aka gasa a wuta, haka ka ɗauko daga malamanka. Ɗan filin nan shi kaɗai ya rage maka, ga shi ni da motata za mu rufe shi da tayil.

Na rasa inda zan sa kaina. In gaya wa maigidana, na tona abin da ka roƙe ni in rufe. Shi kuma ɗan fari ne, ko sunansa ba ka kira, maganarku ba ta wuce gaisuwa da batun gona. In gaya wa Inna, da wane baki zan ce na tsaya ina kallon surukina? Na ce wa kaina tsufa ne, sanyin ƙashi ne, in zafi ya shigo zai wuce. Abu guda na ga zan iya, shi ne in hana a taɓa ƙasar nan.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci Abdulmuhaimin ya iso da samfura a bayan mota, ya jera su a bakin garejin kamar mai tallan atamfa. Kana zaune a wurinka da carbi. Maigidana na tsaye, Inna na bakin ƙofar tsakar gida, ni ina bayanta.

"To matarmu, ga tayil ɗinki," in ji shi. "Fito ki zaɓa, kada ki ce na yi miki zaɓen tumun dare."

Na ce na fasa, tayil santsi ne da shi, in ruwa ya zuba wani zai faɗi, kuma taya za ta farfasa shi. Ya ce to a sa intalok, ƙananan bulon nan da ake jerawa a ƙasa, in ɗaya ya fashe a cire a sa wani. Na ce ciyawa na fitowa a tsakaninsa, tururuwa kuma ta yi gida a ƙarƙashi. Ya ce to a zuba kankare da rodi, wanda ko tirela ta hau ba zai ce komai ba. A nan dabara ta ƙare mini. Na ce siminti yana ɗaukar zafi, zai cinye mini taya.

Ya yi dariya har da riƙe ciki. "Malama, titin da kike bi zuwa makaranta da katifa aka shimfiɗa shi?"

Na zaci maigidana zai goya masa baya, don shi mutum ne mai son tsari. Sai na ji ya ce a dakata tukuna, ƙasar ba ta gama zama ba, in aka yi daɓe yanzu zai tsage. Ƙasar da shanu suka yi shekara da shekaru suna takawa. Inna ma ta sa baki ta ce ita kajinta a nan suke birgima, in aka rufe ƙuma za ta gama da su. Na ji daɗi a raina na ce Allah ya kawo mini mataimaka. Ban tsaya na tambayi kaina me ya sa mutum biyu masu hankali suke kawo hujjojin da suka fi nawa rauni ba. Abdulmuhaimin ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, sannan ya juya gare ka ya ce, "Baba, kai ne mai wuri. Me ka ce?" Ka ja carbi ka ce, "Mai mota ta faɗi abin da take so." Ya kwashe samfuransa yana cewa bai taɓa ganin gidan da ake ba su kyauta suna gudu ba.

Daga nan na shiga shan kunyar unguwa. Yashin Gumel ba ya wasa da ƙaramar mota. Da rani ya kankama wurin ya yi laushi, tayoyin gaba suka riƙa haƙa wa kansu rami. Sau da yawa da safe ina sanye da kayan aiki, inji na kuka, mota ta kafe a cikin garejinta, sai an kira samarin da ke shan shayi a bakin titi sun turo ni waje. Har suna suka sa mini, Malama A-Tura. A makaranta aka ce rowa ce, na sayi mota na kasa sayen siminti. Da aka ji kyauta ma aka ba ni na ƙi, sai aka ce to girman kai ne, ba na son abin hannun dangin miji. Wannan ta fi yi mini ciwo, don ta kai kunnen matar Abdulmuhaimin, ta daina shigowa ɗakina in sun zo. Na haɗiye. Duk ranar da aka tura ni kana zaune a gefe kanka a ƙasa, na san kai ma kana jin abin da nake ji.

Da abin ya yi yawa maigidana ya kira magini aka zuba siminti siriri layi biyu, daidai inda tayoyi ke bi, aka bar tsakiya da gefe yadda suke. Ya tsaya a kan aikin da kansa, ya hana a matsa wajen buzunka. Abdulmuhaimin ya zo ya gani ya ce yanzu kuma layin dogo aka ja mini, saura jirgi. Bayan kwana biyu ya aiko da intalok cike da mota aka jibge a bayan gida, da saƙon cewa suna nan suna jirana duk ranar da hankalina ya dawo.

Watannin da suka biyo baya, Baba, ba mu taɓa kusa da juna kamar a cikinsu ba, kuma ba mu yi magana ba. Na koyi ajiye motar a karkace yadda za ta tare ka daga mai leƙowa ta ƙofa. Na sa tsohon faranti a ƙarƙashin inji don kada baƙin mai ya ɗiga ya ɓata maka wuri. In lokacin sallah ya yi ina gida sai in ƙirƙiro aikin da zai tsare yara a ɗaki. Kai kuma kullum da safe in tarar an share yashin da ya hau layukan, an goge gilashin gaba, duk da hannu ɗaya. Wani lokaci in tarar da ƙullin gyaɗa a kan murfin inji. Ina ci a hanya ina jin daɗi, ina ganin ni ce 'yar kirki mai rufa asirin surukinta. Sau ɗaya tunanin asibiti ya zo mini da ƙarfi, ranar da na ga gefen bakinka ya ɗan karkace kana amsa gaisuwa. Na shirya maganar da zan yi wa maigidana tun daga makaranta har gida. Da na shigo na gan ka zaune, ka ɗan ɗaga mini hannun dama, abin da ba ka taɓa yi ba, sai na mayar da ita ciki.

Ranar Lahadi Inna ta leƙa ta kira ka cin abincin rana, ta tarar da kai kwance a gefen buzu, tafin hannunka da yashi, butar tana cike ba a karkata ta ba tukuna. A motar nan aka ɗauke ka. Ran nan ka fara shiga cikinta, ni ke tuƙi, kanka a cinyar babban ɗanka. Abdulmuhaimin ya iske mu a asibiti, ya taho daga Maigatari ko shagonsa bai rufe ba.

Likitan saurayi ne mai natsuwa. Ya gwada, ya duba idanunka, ya ɗaga hannun hagun ya ga yadda ya fi ɗan'uwansa ramewa. Ya ce hawan jini ne, ya daɗe yana ɓarna, kuma wannan ba shi ne bugu na farko ba. Sannan ya tambaye mu tun yaushe hannun ya saki. Na ce tun bara bayan kaka. Ban rufe baki ba na ji Inna ta ce, "Ya riga haka, tun cikin damina ne." Maigidana kuma, kansa a sunkuye, ya ce, "Tun ranar da hularsa ta faɗi a masallaci ya kasa ɗauka." Muka dubi juna. Ashe kowannenmu ya sani. Inna ta san ƙafar da aka wanke da wadda ba a wanke ba, don tun tana yarinya take kallon ƙafafun nan. Maigidana shi ma ya taɓa iske ka yadda na iske ka, shi ma ka yi masa irin gyaran muryar da ka yi mini. Mu uku muna gida ɗaya, kowa na ɓoye wa sauran biyun, kowa na ganin shi kaɗai aka ba amana. Likitan bai yi mana faɗa ba, da ma ya yi. Cewa kawai ya yi da an zo tun wancan lokaci ƙwayoyi ne ake sha kullum, kuma mutane da yawa suna yin shekaru a kansu. Ya ce rai na hannun Allah, za su yi iya ƙoƙarinsu. Abdulmuhaimin yana tsaye a jikin bango yana jin mu. Washegari aka kai ka makwancinka.

A garejin maza suka yi zaman makoki. Aka fitar da motar, aka shimfiɗa tabarmi a kan yashin. Bayan sadakar uku, da jama'a suka watse, na shiga kwashe kwanuka na tarar da Abdulmuhaimin shi kaɗai zaune a inda buzunka yake. Na yi masa gaisuwa. Bai ɗago ba ya ce, "Ashe shi ya sa kuka ƙi siminti."

Na ce e.

"Ku uku. Ni kaɗai ne bare." Ya ɗago ya dube ni. "Kin san me ya sa bai yarda na gani ba? Don ya san ni ba ni da kunyar da zan yi shiru. Da a ranar zan saɓe shi in sa a mota, ya zage ni, ya yi fushi da ni wata guda, yana shan maganinsa. Da ma kun bar ni na malale wurin nan, Malama. Da ya rasa inda zai ɓuya, dole ya ce wani ya zuba masa ruwa, mai zuba ruwan kuma dole ya yi magana."

Na kwashe kwanukan na fita.

Na san ajali ba ya gaggawa ba ya jinkiri, malamai sun tuna mana a wurin makokin, mun kuma yi imani. Mai yiwuwa da an zuba simintin da ka samo wata dabarar, don ba a rasa ka da dabara wajen ɗauke wa mutane nauyinka. Ba na kuma ganin laifinka. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana ɗaukar kayan wasu, da wuya bakinsa ya iya cewa a ɗauke shi. Mu ne ya kamata mu rufe ido mu yi maka rashin kunya sau ɗaya. Ga mota a ƙofar ɗakinka, asibiti kuma bai kai gonarka nisa ba. Na sha turi, na sha suna, na ɓata da matar ƙanin mijina, duk ina ganin hidima nake yi maka. Kunyar samarin bakin titi da dariya nake wanke ta in na isa makaranta. Wannan kuwa na rasa abin da zan wanke ta da shi. A gidan yanzu mu uku muna gaisawa, muna harkokinmu, amma ba mu cika haɗa ido ba. Maigidana ya tambaye ni sau ɗaya me za a yi da daɓen, na ce ban sani ba, bai sake tambaya ba.

Na rubuta wannan da izinin Inna da na maigidana. Inna ce ma ta ce in rubuta duka kada in rage, ko wani gidan da ke da tsoho mai ɓoye hannu a riga zai ji. Ka yafe mini, Baba, yau na fitar da abin da ka ce in bari a ciki.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna, wadda ta rasa abokin zamanta na tun ƙuruciya, da ga maigidana da 'yan'uwansa mata, da jikoki, da dangi na Gagarawa da na Gumel, da duk wanda amalanken nan ya taɓa ɗauka. Allah ya ba mu haƙurin rashi. Ta'aziyyata ta ƙarshe ga Abdulmuhaimin ce, wanda ya rasa uba kuma ya rasa damar da mu muka samu muka ƙi amfani da ita. Makon jiya ya zo gida. Ya tsaya daga bakin ƙofata, idonsa a ƙasa, ya ce, "Ina wuni, Malama, ya ƙarin haƙuri?" Ya jira na amsa, ya juya ya tafi. Tun da na shigo gidan nan bai taɓa gaishe ni haka ba. Ina roƙonsa ya yafe mana, in ya samu iko.

Ya Allah, ga bawanka ya zo maka. Ka yi masa rahama, ka haskaka makwancinsa, ka yalwata masa shi, ka rufa masa asiri ranar tsayuwa kamar yadda ya rufa wa mutane nasu a duniya. Ka sa Aljanna Firdausi ce makomarsa, in tamu ta zo ka sa mu cika da imani. Ka karɓi sallolin da ya yi da yashin nan, ka kuma gafarta wa mu da muka tsare masa shi. Amin.